Ruwan rai a Littafi Mai Tsarki: daga ina yake fitowa, yaya ake shansa

Kafin mutum ya gane abin da annabawa da Yesu suke nufi in sun ambaci ruwa, sai ya fara sanin yadda ruwa yake a ƙasar da suka zauna. A ƙasar Isra'ila damina da sanyi tare suke zuwa. Ruwan fari yakan sauka a watan Oktoba ko Nuwamba, ya jiƙa ƙasa a yi huɗa a yi shuka. Na ƙarshe kuma yana zuwa a Maris ko Afrilu, shi ne mai cika ƙwayar alkama da sha'ir. Daga Mayu zuwa Satumba kuwa ko yayyafi da wuya a gani. Manomin Katsina ko Maraɗi damina tana riskarsa ne cikin zafi, amma tsawon jira da zullumin kusan ɗaya ne. Urushalima tana samun kimanin milimita 550 na ruwan sama a shekara, Biyersheba a kudu wajen 200, gaɓar Tekun Gishiri kuwa ba ta kai 100 ba. Tafiyar yini ɗaya daga Urushalima zuwa gabas ta isa ta fitar da mutum daga gonakin zaitun ta jefa shi hamada.

Maimaitawar Shari'a 11:10-14 ta ɗora koyarwa a kan wannan yanayi. Ta ce ƙasar da za a shiga ta bambanta da Masar, inda mutum yake shuka ya yi ban-ruwa da ƙafarsa kamar mai lambu. Ita ƙasa ce ta tuddai da kwaruruka, mai shan ruwan sama. Manomin Masar yana da Kogin Nilu da hanyoyin ruwan da ya haƙa, yana buɗewa yana toshewa yadda ya ga dama. Manomin Yahudiya ba shi da abin buɗewa: in sama ta ba shi ya ci, in ta hana ya kwana da yunwa. Tun daga nan ruwa ya zama hanyar da Littafi Mai Tsarki yake bi in zai yi maganar abin da ɗan Adam ba ya rayuwa sai da shi, alhali ba ya iya ƙera shi da hannunsa.

Idon ruwa da ramin tara ruwa

Hanyoyi uku mutanen ƙasar suke samun abin sha. Akwai idon ruwa mai ɓuɓɓugowa da kansa rani da damina, akwai rijiya da aka haƙa har aka cim ma ruwan ƙarƙashin ƙasa, sai kuma ramin tara ruwan sama, wanda shi ya fi yawa a garuruwan kan tudu. Ana sassaƙa shi cikin dutse, baki ƙarami ciki mai faɗi, a rufe bakin da dutse don kada rana ta shiga gansakuka ta tsiro, kada kuma dabba ko yaro ya faɗa. Ana jawo ƙananan magudanai daga rufin ɗakuna da tsakar gida, wani lokaci a yi ɗan kwarmi a gaba inda laka za ta kwanta kafin ruwan ya gangara ciki. Dutsen yankin a wurare da yawa yana tsotse ruwa, don haka dole a yaɓe cikin ramin da farar ƙasa da aka ƙona aka kwaɓa. Ran ramin yana ga yaɓen nan. Girgizar ƙasa, wadda ba baƙuwa ba ce a yankin, ko saiwar itace, ko tsufa kawai, sukan tsaga shi. Tsagar tana can ƙasa cikin duhu, babu mai ganinta. A watan Janairu ramin cike yake, hankalin mai gida kwance. Sai a Agusta, lokacin da babu sauran wurin zuwa, a zura guga ya fito da taɓo.

Wannan ne abin da Irmiya 2:13 yake nunawa da ya ce jama'ar Allah sun yi laifi biyu: sun bar Ubangiji wanda shi ne maɓuɓɓugar ruwan rai, sun kuma sassaƙa wa kansu tsagaggun ramuka da ba sa riƙe ruwa. A lura, annabin bai zarge su da lalaci ba. Sassaƙa rami a dutse da guduma da kurfi aiki ne mai karya ƙarfi. Mutanen sun yi gumi sosai, sai dai a wurin da ba zai amfane su ba. Aya ta 18 ta fayyace ramukan da ake magana, inda ta tambaye su ribar zuwa Masar shan ruwan Nilu, ko zuwa Assuriya shan ruwan Yufiretis. Ƙawancen siyasa da gumaka ke nan, abubuwan da suke da kyan gani muddin ba a shiga matsi ba. Shi kansa Irmiya daga baya cikin irin wannan rami aka jefa shi a farfajiyar matsara, babu ruwa sai laka, ya nutse ciki (38:6), har sai da Ebed-melek mutumin Kush ya sa masa tsummoki a hammata aka jawo shi da igiya.

A sura ta 17 Irmiya ya sake juya maganar ta wata fuska. Mai dogara ga mutum ƙaramin tsiro ne a hamada, mai dogara ga Ubangiji kuwa itace ne da ya miƙa saiwarsa bakin rafi. Nassin bai ce zafi ba zai zo wa itacen ba, bai kuma ce ba za a yi shekarar fari ba. Duka biyun suna zuwa. Bambancin yana ƙarƙashin ƙasa, inda saiwar ta kai.

A bakin mutanen wancan zamani, ruwa mai rai magana ce ta yau da kullum, ana nufin ruwa mai gudu, wanda bai kwanta wuri ɗaya ba. Shi bayin Ishaku suka tarar da suka haƙa a kwarin Gerar (Farawa 26:19), shi kuma Shari'a ta wajabta a wasu tsarkakewa, kamar ta kuturun da ya warke (Littafin Firistoci 14:5) da ta wanda ya taɓa gawa (Littafin Ƙidaya 19:17). Siffarsa ita ce yana haɗe da tushensa kullum. Da zarar an ɗebe shi an ajiye, ya koma ruwan ajiya.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya kamata mai wa'azi da mai nazari su riƙe a nan. Ruwa a Littafi Mai Tsarki ba aiki ɗaya yake yi ba. Ana shansa, ana wanka da shi, ana shayar da shuka, yana kuma cinye mutane. Ruwan tufana na zamanin Nuhu da tekun da ya rufe rundunar Fir'auna hukunci ne. Zabura 69 ta fara da kukan mutumin da ruwa ya kai masa iya wuya. Zabura 42 ma ta haɗa biyun wuri ɗaya: a aya ta 1 barewa tana marmarin rafi, a aya ta 7 raƙuman ruwa suna bi ta kan mai addu'ar. A ƙarshen Ru'ya ta Yohanna an ce babu sauran teku (21:1), amma ga kogi yana gudana (22:1). Wanda ya tattara duk ayar da ta ambaci ruwa ya ce albarka ake nufi zai rikita kansa da masu sauraronsa. Tambayar da take warware mafi yawan ruɗanin mai sauƙi ce: a wannan ayar, me ake yi da ruwan?

Dutsen da aka buga

Kwana uku bayan ƙetare teku Isra'ilawa suna tafe a jejin Shur babu ruwa. Da suka samu a Mara sai ga shi da ɗaci, sai da Musa ya jefa itace ciki ya yi daɗin sha. Daga nan suka isa Elim mai idanun ruwa 12 da itatuwan dabino 70 (Fitowa 15:22-27). A Refidim ƙishirwa ta sake kama su har suka kusa jifan Musa, kuma tambayar da suka yi ita ce ta sa aka raɗa wa wurin suna Masa da Meriba: shin Ubangiji yana tare da mu ko kuwa babu? Maƙogwaro ne ya bushe, amma shakkar da ta fito ta shafi Allah ne kai tsaye. Aka umarci Musa ya bugi dutse a Horeb, ruwa ya fito.

Labarin Kadesh a Littafin Ƙidaya 20 ya yi kama da wannan, amma akwai bambanci mai nauyi. A wannan karon cewa aka yi Musa ya yi wa dutsen magana. Cikin fushi ya ce wa jama'a, sai mun fito muku da ruwa daga dutsen nan? Ya ɗaga sanda ya buga sau biyu. Ruwa ya kwararo da yawa, mutane da dabbobi suka sha suka ƙoshi, amma aka hana Musa da Haruna shiga ƙasar alkawari. Fitowar ruwa a hannun shugaba ke nan ba ta isa shaida cewa shugaban yana kan daidai ba. Abin da ba a cika faɗa ba ke nan a taron da ake auna bawan Allah da yawan al'ajiban da aka gani a wurinsa.

Bulus ya ɗauko labarin a 1 Korintiyawa 10:1-5, ya ce dukansu sun sha daga dutsen ruhaniya da yake bin su, dutsen kuwa Almasihu ne. Ana yawan tsayawa a nan, alhali jimlar da ta biyo baya ita ce dalilin kawo maganar: yawancinsu Allah bai ji daɗinsu ba, gawarwakinsu suka watsu a jeji. Yana jan kunnen mutanen Korinti ne, waɗanda suka ɗauka baftisma da jibin Ubangiji sun zame musu garkuwa, har suna zama cin abinci a bukukuwan gumaka.

Birnin da ba shi da kogi

Zabura 46:4 ta ce akwai kogi wanda rafukansa suke faranta birnin Allah. Babila tana bakin Yufiretis, Nineba tana bakin Tigris, amma Urushalima ba ta da kogi ko ɗaya. Abin da ta dogara da shi shi ne idon ruwan Gihon a kwarin Kidron, a gindin tudun birnin ta gabas, wurin da abokan gaba za su iya tarewa. Da Sarki Hezekiya ya hango zuwan Sennakerib na Assuriya, wanda ya iso a shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, sai ya karkatar da ruwan zuwa cikin birni (2 Sarakuna 20:20, 2 Tarihi 32:30). Hanyar ƙarƙashin dutse da ake dangantawa da shi tana nan har yau, tsawonta mita 533, gangarenta daga farko zuwa ƙarshe kimanin santimita 30 kacal. Rubutun da aka gano a bangonta a 1880 ya ba da labarin yadda masu haƙa suka faro daga ɓangare biyu, suna jin muryar juna ta cikin dutse, har suka haɗu. Ruwan yana ƙarewa ne a tafkin Siluwam. Tun kafin wannan aiki, a zamanin Ahaz, Ishaya 8:6-7 ya riga ya yi amfani da ruwan Gihon wajen gargaɗi: tunda jama'a sun raina ruwan Shilowa mai gudu a hankali, za a kawo musu ambaliyar babban kogi, wato sarkin Assuriya.

Ezekiyel, yana zaman bauta a Babila bayan an rushe Haikali, ya ga wahayin da ya fi kowanne ƙididdiga (sura ta 47). Ruwa yana tsattsafowa daga ƙarƙashin dokin ƙofar Haikali, kudu da bagade, ya nufi gabas. Mutumin da ke masa jagora ya auna kamu 1,000, ruwa ya kai idon sawu. Ya ƙara 1,000, ya kai gwiwa. Ya ƙara 1,000, ya kai ƙugu. A na huɗu ya zama kogin da ba a ƙetarewa sai da iyo. Kamun Ezekiyel dogo ne, wajen santimita 52, don haka duka tafiyar ba ta wuce kilomita 2 da 'yan kai ba. Ba a ambaci wata ƙorama da ta shigo ta ƙara masa ba. A ƙasa mai zafi da tsotse ruwa, rafin da ba a ƙara masa raguwa yake yi yayin da yake nisa da tushensa, wannan kuwa ƙaruwa yake yi, kuma nan ne al'ajabin yake.

Inda ya nufa shi ma da gangan ne. Tekun Gishiri yana ƙasa da doron teku da fiye da mita 400, gishirinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan, wato wajen ninki goma na tekun duniya, kifi ba ya rayuwa a ciki. A wahayin ruwan ya warke, masunta suna shanya taru daga En-gedi zuwa En-eglayim, itatuwan gaɓa suna ba da 'ya'ya kowane wata, ganyensu kuma magani. Aya ta 11 ce ake yawan tsallakewa: fadamu da kududdufan gefe ba za su warke ba, za a bar su na gishiri. Wasu masu sharhi suna ganin tanadi ne, tunda jama'a suna buƙatar gishiri, wasu kuma suna ganin hoton wurin da ruwan ya kai kusa amma bai ratsa ba. Ru'ya ta Yohanna 22:1-2 ta ɗauki wannan kogin, sai dai tunda babu Haikali a sabuwar Urushalima, daga kursiyin Allah da na Ɗan Rago yake fitowa, ganyen kuma don warkar da al'ummai ne.

A bakin rijiyar Yakubu

Rijiyar da ake kira ta Yakubu tana kusa da Nablus ta yau, a gindin Dutsen Gerizim, cikin wata majami'ar Otodoks, zurfinta ya haura mita 30. Da matar Samariya ta ce wa Yesu ba shi da guga rijiyar kuma tana da zurfi (Yohanna 4:11), gaskiya tsagwaronta ta faɗa. Da ya ambaci ruwan rai, ita ta ji shi ne yadda kowa a garin zai ji: baƙon nan ya san wani idon ruwa da ya fi rijiyar kakanmu. Shi ya sa roƙonta ya zama a ba ta ruwan don ta huta da zuwa ɗiba.

Tsarin zancen abin lura ne. Yesu ne ya fara roƙo, a gajiye, da tsakar rana, Bayahude yana neman sha daga tulun Basamariya, abin da al'ada ta hana. Agustin na Hippo, wani babban malamin ikkilisiya na zamanin dā, ya ce wanda ya roƙi ruwan, bangaskiyar matar yake ƙishirwa. Daga roƙo ya koma tayi, kuma ya kira abin da yake bayarwa kyautar Allah (aya ta 10). Sannan ya faɗi bambancin: mai shan ruwan rijiya zai sake jin ƙishirwa, ruwan da shi zai bayar kuwa zai zama maɓuɓɓuga a cikin mutumin, yana ɓuɓɓugowa zuwa rai madawwami. Tushen da yake can wajen gari ya dawo cikin ƙirjin mai sha. Da ta ce a ba ta, amsar da ta samu ita ce ta je ta kira mijinta. Kafin a sha, sai an buɗe wurin da ƙishirwar take.

Wa'azi da yawa yakan mai da matar nan karuwa, a ce kunya ce ta sa ta fito da rana tsaka. Nassin bai faɗi haka ba. Ya ce ta yi maza biyar, wanda take tare da shi yanzu kuma ba mijinta ba ne. A zamanin da saki yawanci a hannun namiji yake, mutuwa kuma ba ta da nisa, mace tana iya kaiwa ga haka ta hanyar zawarci da takaba. Abin da Yohanna ya nuna a fili shi ne ta bar tulunta ta ruga gari (aya ta 28), mutane da yawa suka gaskata saboda maganarta, Yesu ya kwana biyu a wurinsu. Ikkilisiyoyin Otodoks suna girmama ta da suna Fotini, Katolika kuma suna karanta labarin tare da na Refidim a Lahadi ta uku ta lokacin azumi, musamman domin manyan da ake shiryawa su karɓi baftisma a daren Ista.

Idin Bukkoki

Bayanin abin da ruwan yake nufi yana Yohanna 7:37-39. Idin Bukkoki yana faɗowa a Satumba ko Oktoba, ƙarshen rani, lokacin da ramuka suka kusa ƙafewa kowa yana duban sama. Zakariya 14:16-17 ya riga ya ɗaura idin da ruwan sama. Mishna, tarin koyarwar malaman Yahudawa da aka haɗa wajen shekara ta 200, ta bayyana abin da ake yi a Haikali kwana bakwai na idin. Firist yakan gangara Siluwam da butar zinariya mai cin kimanin lita ɗaya, ya cika ta, ya hauro ta Ƙofar Ruwa ana busa ƙaho. A kan bagade akwai kwanoni biyu masu huda, ɗaya na ruwa ɗaya na ruwan inabi. Yayin zubawa jama'a sukan ce masa ya ɗaga hannu sama kowa ya gani, domin an taɓa yin wani da ya zuba ruwan a ƙafarsa, jama'a suka jefe shi da 'ya'yan lemon da ke hannunsu. Malamansu sun danganta bikin da Ishaya 12:3, inda aka ce da murna za a ɗebi ruwa daga rijiyoyin ceto.

A ranar ƙarshe ta wannan idi ne Yesu ya miƙe ya ɗaga murya ya ce, "Mai jin ƙishirwa ya zo gare ni ya sha, mai gaskatawa da ni, kogunan ruwan rai za su gudana daga cikinsa." Lita ɗaya ake zubawa ana roƙon damina, shi kuma yana maganar koguna. Yohanna bai bar mai karatu cikin duhu ba: Ruhu yake nufi, wanda masu gaskatawa za su karɓa, domin ba a riga an ba da shi ba tunda ba a ɗaukaka Yesu ba tukuna. A wannan bishara ɗaukakar tana farawa ne daga gicciye, inda mai tayin ruwan ya ce yana jin ƙishirwa (19:28), inda kuma jini da ruwa suka fito daga haƙarƙarinsa (19:34).

Tun ƙarnonin farko masana sun rabu kan daga cikin wa kogunan suke fitowa. Tsofaffin rubuce-rubucen Helenanci ba su da aya da waƙafi irin namu, don haka inda aka tsaya da karatu shi yake sauya ma'ana. In an tsaya bayan "ya sha", kogunan daga cikin mai bi suke fitowa. In an haɗa "mai gaskatawa da ni" da shan, daga Almasihu suke fitowa, shi ne dutsen jeji da Haikalin Ezekiyel. Karatun na biyu ya fi dacewa da wurin da aka yi maganar, na farko kuma yana da goyon bayan 4:14. Ko wanne aka bi, mai bi hanyar ruwa ne, tushen yana wani wuri.

To, yaya ake sha?

Tambayar da masu bi suka fi yi ita ce, in Yesu ya ce mai sha ba zai ƙara jin ƙishirwa ba har abada, me ya sa mutum mai bangaskiya yakan yi watanni addu'a tana masa kamar tauna ƙaiƙayi? Littafi Mai Tsarki kansa bai ɓoye wannan ba. Masu Zabura 42 da 63 masu bi ne, kuma ƙishirwa suke kuka. Matiyu 5:6 ya sa albarka ga masu yunwa da ƙishirwar adalci. Ru'ya ta Yohanna 7:16-17 ta ajiye ƙarewar ƙishirwa gaba ɗaya sai gaban kursiyi. Abin da ya ƙare a Yohanna 4 shi ne yawon neman tushe. Buƙatar sha kuwa tana nan kowace rana.

Nassosin sun nuna hanyoyin a fili. Ishaya 55 ya fara da kiran masu ƙishirwa su zo ruwa, nan take ya fassara zuwan da kasa kunne (aya ta 2 da 3), ya kuma kwatanta maganar Allah da ruwan sama da ba ya komawa sai ya jiƙa ƙasa. Itacen Zabura 1 shi ne mutumin da yake nazarin Shari'a dare da rana. Amos 8:11 ya yi maganar ƙishirwar jin maganar Ubangiji. Luka 11:13 ya ce Uba yana ba da Ruhu Mai Tsarki ga masu roƙo. A 1 Korintiyawa 12:13 an ce dukanmu an shayar da mu Ruhu ɗaya, kuma maganar tana tsakiyar bayanin jiki ɗaya mai gaɓoɓi da yawa, wato shan ba na mutum shi kaɗai a ɗaki ba ne. Katolika da Otodoks sun fi ƙarfafa sakramenti, wato irin su baftisma da jibin Ubangiji, ikkilisiyoyin bishara sun fi ƙarfafa wa'azi da karatun Kalma, amma babu ɓangaren da ya ce ɗayan ba a buƙatarsa.

Teresa ta Abila, 'yar ƙasar Sifaniya da ta rayu daga 1515 zuwa 1582, ta kasa addu'a gida huɗu bisa yadda ake shayar da lambu: jan ruwa da guga daga rijiya, juya na'urar ɗiba, jawo ruwa daga rafi, sai ruwan sama wanda mai lambu bai ɗaga ko yatsa ba. Matakin farko shi ne na mafi yawan mutane, aiki ne da gumi, kuma ta faɗa a fili cewa wani lokaci za a yi ta zura guga yana fitowa wayam. Shawararta ita ce kada a bar bakin rijiyar. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ɗauka bushewar alama ce Allah ya rabu da shi, ya daina, ko ya shiga bin taro zuwa taro yana farautar motsin rai.

Rigimar yawan ruwan baftisma ma tana da sauƙi in an tuna cewa baftisma tana ɓangaren wanka da mutuwa da tashi ne (Romawa 6:3-4, Titus 3:5), sau ɗaya ake yinta, shan kuwa kullum ne. A arewacin Najeriya ikkilisiyar ECWA tana nutsarwa, ikkilisiyar EYN tana nutsarwa sau uku, Katolika da Anglikan da Lutheran yawanci zubawa suke yi a ka. Didake, ɗan littafin koyarwa na ƙarshen ƙarni na ɗaya ko farkon na biyu da aka sake ganowa a 1873, ya riga ya jera zaɓi: a yi da ruwa mai gudu, in babu a yi da wani ruwan, in ba za a iya da mai sanyi ba a yi da mai ɗumi, in duk babu a zuba a ka sau uku da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki.

Haka kuma ma'anar ruhaniya ba ta soke ta zahiri ba. A Matiyu 25:35 shayar da mai ƙishirwa yana cikin abubuwan da ake dubawa ranar shari'a, a 10:42 kuma ko kofin ruwan sanyi yana da lada. Ikkilisiyar da ke waƙar ruwan rai alhali matan unguwar suna tafiyar kilomitoci da jarka a ka tana da karatun da ba ta ƙarasa ba.

Matsalar da ta fi muni ita ce ta ciniki. A wasu wurare ana ɗura ruwa a gora ko leda, a yi addu'a a kai, a sa masa farashi, a ce yana kawo haihuwa ko aiki ko biza. Hausawa sukan ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, amma Ishaya 55:1 ya kira wanda ba shi da ko sisi ne, Ru'ya ta Yohanna 21:6 da 22:17 kuma sun maimaita cewa kyauta ne. Mai sa kuɗi a tsakani ya zama gugan da ya hana bayan rijiya ta bayar. Yin amfani da ruwan da aka sa wa albarka daɗaɗɗen abu ne, Katolika suna shafa shi a ƙofar majami'a don tuna baftismarsu, Otodoks suna sa wa ruwa albarka a idin tunawa da baftismar Yesu a watan Janairu, amma koyarwarsu ba ta ce ikon yana cikin ruwan kansa ba, sayar da abin ruhaniya kuma haramun ne a dokarsu. Da Siman na Samariya ya miƙa kuɗi don a ba shi ikon ba da Ruhu, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi (Ayyukan Manzanni 8:18-20). Na'aman, shugaban sojojin Suriya da ya kamu da kuturta, ya nutsa sau bakwai a Urdun bisa umarnin annabi Elisha ya warke, kogin da shi da bakinsa ya ce bai kai Abana da Farfar na Dimashƙu ba, Elisha kuma ya ƙi karɓar komai daga hannunsa. Gehazi, baran Elisha, ne ya bi Na'aman a baya ya karɓo talanti biyu na azurfa da riguna biyu, kuturtar Na'aman ta koma kansa (2 Sarakuna 5:20-27).